A-kori-kurar da Ta Yi Sama da Wata Huɗu Tana Ƙin Tashi da Safe: Nazarin Lamari daga Ƙasar Gumel

Motar da aikinta

Toyota Hilux ce mai gida ɗaya, cikin ƙirar da kamfanin ya yi tsakanin 1988 da 1997. Injinta shi ne wanda ake kira 3L: silinda huɗu, cc 2,779, yana shan gas (man dizal), babu tobo, babu kwamfuta. Mai ita ɗan kasuwar amfanin gona ne a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari a jihar Jigawa. Da kaka takan bi ƙauyuka tana kwasar riɗi da zoɓo da wake, ranar Alhamis ta shiga kasuwar Maigatari, sau biyu ko uku a wata kuma ta kai lodi Dawanau a Kano. Yawancin hanyarta burji ce da yashi. Lokacin da matsalar ta soma, mita na nuna kilomita 412,300.

Akwai abu ɗaya game da ginin wannan injin da sai mai karatu ya riƙe shi, don duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya. Babu famfon lantarki a cikin tankin da zai turo mai gaba. Babban famfon da kanikawa ke kira injekta shi ke zuƙo gas da kansa tun daga tanki. Man yana bi ta wata 'yar raga da ke bakin bututun cikin tanki, ya shiga bututun ƙarfe da ke ƙarƙashin bodi, ya bi tiyon roba zuwa filta. A saman filtar akwai famfon hannu da ake dannawa don fitar da iska, a ƙasanta kuma akwai wurin da ruwa ke kwanciya, da makunnin da ke kunna wuta a dashbod idan ruwan ya yi yawa. Daga filta sai injekta, daga injekta sai bututu huɗu zuwa nozul huɗu masu fesa man a cikin injin. Abin da ya yi saura yana komawa tanki ta wani layin dabam. Wato daga tanki har bakin injekta, man ba tura shi ake yi ba, tsotsarsa ake yi.

Yadda ake riƙon motar kuwa shi ne: ana yin juye duk kilomita 5,000 ba fashi. Gas yawanci daga jarkar 'yan bumburutu ake saya, lita 10 zuwa 20 a lokaci ɗaya, don haka ba kasafai tanki ke wuce kwata ba. Murfin tankin ya ɓata tun farkon damina, aka toshe bakin da tsumma har wajen wata uku, daga baya aka rufe da leda aka ɗaure tam da robar tayar keke. Wayar wutar da ke nuna ruwa a filta an daɗe da tsinke ta, saboda wutar ta ƙi mutuwa tana damun direba.

Ƙarshen Oktoba: alamar farko

Da safe in an murɗa makulli, injin yakan kama nan take, ya yi daƙiƙa biyar zuwa goma yana silo, wato yana aiki a hankali ba a taka totur ba, sai ya yi kakari ya mutu. Daga nan sai an buga kik sau uku ko huɗu, kowanne wajen daƙiƙa 15, kafin ya sake kamawa, yana karkarwa yana fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido. Bayan minti biyu komai ya daidaita, mota ta wuni tana aiki lafiya. In an kashe ta na awa ɗaya ko biyu, bugu ɗaya take tashi. Sai ta kwana ne kawai take yin haka.

Karen motar ya lura da abu biyu. Na farko, duk daren da aka ajiye ta a bakin sito, inda ƙasa ta ɗan gangara kuma gabanta na kallon ƙasa, da safe ba ta cika wahalarwa ba. Na biyu, in ya buɗe bonet ya danna famfon hannun da ke kan filta, dannawa goma sha biyar na farko taushi suke kamar babu komai a ciki, sai wajen ta ashirin famfon ya yi tauri, kuma in an buga a lokacin, injin ya tashi ba ya mutuwa. Wannan ya zama aikinsa na kowace safiya, kamar duba ruwan lagireto.

An leƙa ƙarƙashin motar sau da yawa. Ƙasa a bushe, bututu a bushe, ko ɗigon gas babu. A kan haka aka tsayar cewa layin mai lafiyarsa ƙalau.

Nuwamba: batir da kik

Yawan bugu ya gajiyar da batir, har wata safiya ya kasa juya injin. A kilomita 414,100 aka sayi sabo. Ba a auna tsohon ba. Injin ya riƙa juyawa da sauri fiye da da, amma tashi da mutuwa bayan daƙiƙa goma bai canza ba. A makon ƙarshe na watan kik ya ɗau zafi ya tsaya, aka buɗe aka sa masa sabon gawayi.

Disamba: hita da tsumman fetur

Da hunturu ya kankama abin ya ƙaru, don yanzu ko kamawar farkon ma sai da ƙyar. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da gas zai kama da kansa in an fesa shi, kuma a injin 3L ana matse iskar sau 22.2. Sai dai a irin wannan injin, nozul yana fesawa ne a wani ɗan ɗaki da ke cikin kan injin, kuma da sanyin asuba ƙarfen ɗakin yana shanye zafin iskar. Shi ya sa aka sa hita a kowace silinda, don ta gasa ɗakin kafin a buga.

Wani bakanike a Gumel ya cire ƙarfen da ya haɗa kawunan hitocin, ya auna kowacce da mita tsakanin kanta da jikin injin. Mai lafiya takan nuna wajen om ɗaya ko ƙasa da haka. Ta silinda ta biyu da ta huɗu ba su nuna komai ba, sun tsinke daga ciki. Aka canza duka huɗun. Kamawar farko ta dawo daidai, hayaƙin farko ya ragu sosai. Mutuwa bayan daƙiƙa goma kuwa tana nan.

A wannan watan ne direba ya soma jiƙa tsumma da fetur yana karawa a bakin mashaƙar iska yayin da ake bugawa. Injin yakan tashi da ƙara mai ƙarfi kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Abin da ke faruwa a ciki shi ne tururin fetur yana kamawa tun fistin bai kai sama ba, balle ga hita ta yi ja, sai fashewar ta doki fistin yana kan hawa. Irin wannan duka yana iya karya ringi, ya lanƙwasa sandar fistin, kuma wuta na iya dawowa ta mashaƙa ta kama tsumman da hannun mai riƙe da shi. An yi wajen mako uku ana haka kafin mai motar ya gani ya hana.

Janairu: ta fara mutuwa a hanya

A mako na biyu na Janairu, mita na nuna 418,900, motar ta ɗauki buhu 12 na riɗi za ta Dawanau. Bayan kamar minti 40 tana gudu a kwalta, totur ya daina amsawa, gudu ya riƙa raguwa, ta mutu kusa da Gujungu. Aka huta minti 15, aka danna famfon hannu, ta tashi, ta yi wajen kilomita 20 ta sake mutuwa. Haka aka yi ta yi har aka shiga Kano da dare. A ɗaya daga cikin tsayawar, da direba ya kwance ledar bakin tanki don ya ga ko mai ne ya ƙare, ya ji iska ta shiga da ƙara, fuuu, kuma bayan nan motar ta yi nisa fiye da sauran lokutan kafin ta sake tsayawa.

A Kano aka cire filta. Ta yi nauyi, takardar cikinta ta yi baƙi da wani abu mai yauƙi, aka zubar da wajen rabin kofin shayi na ruwa mai launin tsatsa daga ƙasanta. Aka sa sabuwa. Mota ta yi kwana tara ba ta mutu a hanya ba, ko da yake halinta na safe bai bari ba. A rana ta goma ta koma.

Sai aka ce nozul ne. Aka sayo huɗu a kwali, aka ɗaura ba tare da an gwada su ko an gwada tsofaffin ba, aka mayar da tsofaffin washoshin da ke ƙarƙashinsu. Silo ya lalace, baƙin hayaƙi ya shigo cikin farin, gindin nozul na ɗaya ya soma huci yana tara baƙin toka. Tsofaffin nozul ɗin aka ƙulle a leda aka jefa ƙarƙashin kujera.

Fabrairu: an sauke injekta

Aka cire injekta aka kai Kano wurin masu gyaransa. Da aka buɗe an ga tabon tsatsa a ciki, aka wanke, aka canza robobinsa, aka gwada a inji aka ce yana ba da mai daidai. Motar ta yi kwana takwas a ajiye. Wajen mayarwa, notin da ke riƙe layin komawar mai a bayan injekta kansa ya cinye, sifana ba ta kama shi, sai yaron gareji ya nemo wani noti mai rami a ciki, mai irin zarensa, ya ɗaura.

Safiyar farko ta tashi bugu ɗaya, kowa ya yi hamdala. Safiya ta biyu ta koma halinta. Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya: yanzu in an taka totur sosai farin hayaƙi ne ke bin ta, ba ta ja a giya ta huɗu da ta biyar, kuma da aka auna shan mai ta hanyar cika tanki a sake cikawa, ya kai lita 15 a kilomita 100.

Shawarar da aka ba mai motar ita ce injin ya mutu, ko dai a sauke shi a canza ringi da fistin, ko a je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a sayo ɗan Beljiyam, wato injin gwanjo na ƙasar waje. Ya ajiye motar mako biyu yana ɗaukar haya.

Farkon Maris: kwana uku na awo

Wanda ya karɓi aikin a wannan karon dattijon bakanike ne daga wajen Haɗeja, wanda ya fi aiki a kan tarakta da injinan ban ruwa. Sharaɗinsa ɗaya ne: "Alhaji, kada a sayi ko washa sai na gama awo." Kafin ya taɓa sifana ya zaunar da direba da karen mota. "Malam direba, in ta ƙi tashi me kuke yi mata?" Nan ne maganar famfon hannu da gangaren sito da iskar bakin tanki suka fito, karo na farko a gaban mai gyara.

Ranar farko ya fara da wuta. Batir a zaune bolt 12.6, lokacin bugu bai sauka ƙasa da 10.4 ba, injin na aiki altaneta na ba da 14.1. Babu laifi a nan.

Daga nan sai matsin silinda. Ya bar injin ya yi zafi, ya cire nozul huɗun, ya zare wayar makunnin da ke yanke mai a jikin injekta don kada gas ya fito, ya ɗaura ma'auni a ramin kowane nozul. Sakamakon, a ma'aunin kilo kan murabba'in santimita: ta ɗaya 29, ta biyu 28, ta uku 25, ta huɗu 28. Littafin gyaran injin ya sa 32 ko sama a matsayin cikakkiyar lafiya, 20 a matsayin mafi ƙarancin da za a yarda da shi, kuma kada bambanci tsakanin silinda ya wuce 5. Injin ya tsufa, amma yana cikin iyaka. Maganar sauke shi ta faɗi a nan.

Tun da nozul na waje, ya hau da su kan famfon gwaji, sababbin da tsofaffin da aka zaro daga ƙarƙashin kujera. Nozul ɗin da ya riga ya yi aiki a wannan injin ana so ya buɗe tsakanin kilo 145 da 155, ya yi feshi mai laushi kamar hazo, ya yanke tsaf ba ɗigo. Cikin sababbin, biyu sun buɗe tun a wajen 120 suna tsartuwa kamar ruwan buta. Cikin tsofaffin, uku sun buɗe a 146 da 147 da 148 da feshi mai kyau, ɗaya ya buɗe a 131 yana ɗiga. Aka mayar da tsofaffi ukun, na huɗun aka canza masa baki aka daidaita ƙarfinsa da siraran washoshin da ake sawa a kan sifirin ɗinsa. Duka aka sa musu sababbin washoshin zama, don waɗannan sau ɗaya suke matsuwa, in an maimaita su sai su yi huci.

Da yamma ya cire tiyon da ke tsakanin filta da injekta, ya sa wani mai garai-garai da ake ganin cikinsa, tsawon rabin mita, ya lanƙwasa shi sama kamar baka. A silo, ƙananan ƙwayoyin iska na wucewa jefi-jefi. Da aka taka totur, man ya koma fari kamar kumfar sabulu. Ya danna famfon hannu har ya yi tauri, tiyon ya cika taf, ya ce a bar ta ta kwana kada kowa ya taɓa.

Da asuba bakan tiyon babu mai ko kaɗan. Gas ya sulale ya koma tanki cikin dare, iska ta maye gurbinsa. Abin da ya rage a cikin jikin injekta shi ne ke tayar da injin ya riƙe shi daƙiƙa goman nan, daga nan sai ya zuƙo iska ya mutu.

Aikin rana ta biyu shi ne gano ta ina iskar ke shiga, kuma ya bi shi daga gaba zuwa baya, gaɓa-gaɓa. Ya zuba gas mai tsabta a galan mai lita huɗu, ya sa 'yar ƙaramar filta a tiyo, ya haɗa kai tsaye da bakin injekta, layin komawa ma ya zura shi a galan ɗin. Injin ya yi minti 30 yana aiki, ko ƙwayar iska ɗaya babu. Injekta ya fita daga zargin shan iska. Sai ya matsar da galan zuwa mashigar filta, yadda man zai bi ta kan filtar motar. Kumfa ta dawo. Ya toshe mafita da yatsa, ya shafa ruwan sabulu a kewayen famfon hannu, ya danna: gefen robar famfon ya yi ta tsiyayar kumfa. Robar ta tsage, kuma bawul ɗin cikinsa da ke hana mai komawa baya ba ya rufewa. Wannan kan filtar a matse yake daga masana'anta, ba a buɗe shi a gyara, don haka aka canza shi gaba ɗaya.

Da aka mayar da layin tanki, a silo man ya fito garau, amma da an taka totur sai kumfa ta ɗan dawo, kuma tiyon robar da ke shiga filta yana tsukewa kamar ana tsotsar sa. Tiyo ba ya tsukewa sai in akwai toshewa a bayansa. Aka sauke tanki.

Abin da aka juye daga cikinsa: wajen lita ɗaya da rabi na ruwa, laka, ɓarɓashin tsatsa, zaruruwan tsumma, da baƙin yauƙin nan da aka gani a filta. Yauƙin ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a inda ruwa da gas suka haɗu, kuma muddin akwai ruwa a ƙasan tanki za su ci gaba da yaɗuwa. Ragar bakin bututu ta liƙe da su gaba ɗaya, sai wani ɗan gefe. Gajeren tiyon da ke saman tanki, wanda ba a ganinsa sai an sauke, ya tsattsage a ƙarƙashin kilif ɗinsa. Bayansa a bushe yake ƙamas.

Rana ta uku aka wanke tanki da gas mai tsabta har sau uku, aka shanya a rana nesa da wuta, aka wanke raga, aka hura bututun ƙarfe da iska daga gaba zuwa baya. Duk tiyon roba na layin an canza shi da wanda aka yi don mai, daidai girman na asali, ba tiyon ruwa ba, wanda gas ke narkarwa. Aka sa kilif masu noti, aka sa sabuwar filta, aka samo murfin tanki na ainihi mai ɗan bawul da ke barin iska ta shiga yayin da mai ke raguwa, aka haɗa wayar wutar ruwa.

A gwajin hanya da lodi, tiyon gani bai nuna kumfa ba, mota ba ta mutu ba. Amma farin hayaƙi a babban gudu da rashin ja suna nan. Ya duba alamomin taimin, wato saitin lokacin feshi, na bel da na jikin injekta, duk suna kan layi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yawan man da ya ga yana kwarara cikin galan ta layin komawa a rana ta biyu. Ya kwance notin bayan injekta, ya juya shi a hannu: babu rubutun OUT a kansa, kuma raminsa a buɗe yake wangwam.

Notin asali ba noti ba ne kawai. A jikinsa akwai rami ƙanƙane kamar bakin allura, da 'yar raga a ciki. Aikinsa ya rage fitar mai don matsi ya taru a cikin jikin injekta. Wannan matsin yana ƙaruwa yayin da injin ke ƙara gudu, shi ne kuma ke tura wani ɗan fistin a ƙasan injekta wanda ke sa feshi ya riƙa zuwa da wuri gwargwadon gudun. In an sa noti mai faɗin rami, matsin ba zai taru ba, feshi zai riƙa makara, gas ya fita salansa bai gama ƙonewa ba. Farin hayaƙin ke nan, rashin jan ke nan. Aka ciro notin kirki daga wani mataccen injekta irinsa, aka wanke ragarsa, aka ɗaura da sababbin washoshin jan ƙarfe. Hayaƙin ya ɗauke a gwajin farko.

Daga Maris zuwa hunturu na gaba

Washegari da safe ba a taɓa famfon hannu ba. Aka jira wutar hita ta mutu, aka buga, injin ya tashi cikin daƙiƙa biyu ya zauna a silo. Shan mai da lodi ya sauko zuwa lita 11 a kilomita 100.

An canza filta bayan kilomita 1,000 na farko don kwashe ragowar dattin layi, daga nan aka tsayar da canjinta duk kilomita 10,000. Kowace Juma'a ana kwance makwararar ƙasan filta, a danna famfo har gas zalla ya fito, a ɗaure da hannu. A watan farko ana samun cokali ɗaya ko biyu na ruwa, daga baya ya zama ɗigo. Duk lokacin da aka shiga Gumel ko Kano ana cika tanki a gidan mai, ba a kuma barinsa ya sauka ƙasa da rabi, don tankin da babu mai sosai yana tara raɓa a bangonsa da dare. In dole ta sa an sayi na jarka, ana juye shi a duro ya kwana biyu, a ɗiba daga famfon da aka sa taƙi ɗaya sama da gindin duron, a zuba ta mazurari mai raga. Wanda ya yi warin kananzir ko ya yi ruwa-ruwa a yatsa ba a karɓa, domin wannan injekta ba shi da wani man shafawa sai gas ɗin da ke ratsa shi, kuma kananzir ba shi da santsin da zai hana ƙarfe cin ƙarfe.

Tun da babu wanda ya san ranar da aka canza bel ɗin taimin, an canza shi a Afrilu tare da tayar da ke ɗaure shi, aka rubuta kilomitar a jikin murfin. Wa'adinsa kilomita 100,000 ne, kuma in ya tsinke injin na gudu, fistin zai doki bawul.

Sau ɗaya matsalar ta leƙo, a watan Agusta, kwana ɗaya bayan canjin filta. Direba ya ɗauko tiyon ganin da aka bar masa a akwatin dashbod, ya ɗaura, ya ga kumfa, ya bi gaɓoɓin da aka taɓa jiya. Robar makunnin ruwa da ke ƙasan filta ce ba ta zauna daidai ba. Minti goma aka gyara. A Disamba, cikin tsananin sanyi, motar na tashi bugu ɗaya.

Hukunci

Laifi biyar ne suka taru a motar nan, kuma ba lokaci ɗaya suka zo ba. Biyu su ne tushe: iska da ke shiga ta famfon hannu da tiyon saman tanki, da toshewar raga haɗe da tankin da aka hana numfashi. Ɗaya, mutuwar hita biyu, laifi ne na gaske amma na gefe. Sauran biyun, nozul marasa kyau da notin da ba nasa ba, gyara ne ya kawo su.

Tushen biyu suna ciyar da juna. Yayin da raga ke ƙara toshewa, injekta na ƙara ƙarfin tsotsa, kuma duk ƙarin tsotsa ƙarin iska ne ta tsagar da a da ba ta isa komai ba. Shi ya sa ciwon ya fara da safe kawai, ya ɗauki wata biyu da rabi kafin ya kai ga kashe mota a hanya. Hutun minti 15 yana aiki ne don dattin da tsotsa ta manna a raga yana sakin ta in injin ya tsaya. Sabuwar filta ta ba da kwana tara don ta rage nauyin tsotsar, har dattin tanki ya sake cika ta. Gangaren sito kuma yana ɗaga tanki sama, sai man ya rasa inda zai gangara.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne na Oktoba, lokacin da aka ga ƙasa a bushe aka wanke layin mai daga zargi. A layin da ake tsotsa, tsaga ba ta zubar da mai waje, iska take ja ciki. Kuma bayanin da ya isa ya nuna hanya yana hannun karen mota tun makon farko: famfon da ke yin taushi bayan kwana ɗaya yana faɗin cewa mai ya bar layi. Babu mai gyaran da ya tambaye shi sai na ƙarshe. Mai motar ma yana da nasa kason, don wata uku na damina da tsumma a bakin tanki su suka zuba ruwan da yashin da zaren.

Canjin hita ya dace, don an auna kafin a saya. Buɗe injekta bai warkar da komai ba, ko da yake tsatsar da aka wanke a ciki da ta ci gaba da ci. Batir da nozul asara ce tsantsa. Kan filta da tiyo da murfi da kilif, waɗanda su ne maganin, kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na batir ɗin Nuwamba ba, motar kuwa ta rasa kasuwar Maigatari biyar.

Silinda ta uku ce abin da ya rage. Da aka sake aunawa a Disamba an samu 29, 28, 24, 28, wato bambancin ya kai 5 cif, bakin iyaka. Matakin da aka tsara kafin a yi maganar ringi shi ne a auna tazarar bawul injin na sanyi, milimita 0.20 zuwa 0.30 a na shigar iska, 0.40 zuwa 0.50 a na fitar hayaƙi, a gyara wanda ya matse, sannan a sake ɗaura ma'aunin matsi bayan kilomita 5,000.